Bayan Hodar Iblis Ta Bar Jiki: Nazarin Jinyar Wani Ɗan Kasuwar Albasa A Sakkwato

Mutumin da wannan nazari ya shafa ɗan kasuwar albasa ne a birnin Sakkwato, shekararsa 34 lokacin da aka fara jinya, da mata ɗaya da 'ya'ya uku. An sakaya sunansa da unguwarsu da wuraren da aka kai shi. Bayanan sun fito daga bakinsa, da bakin yayansa, da kuma wani littafin rubutu irin na 'yan firamare da matarsa ta riƙa cikawa: ƙarfe nawa ya kwanta, ƙarfe nawa ya tashi, me ya ci, me ya faɗa. Ba wanda ya sa ta. Daga baya likita ya fi dogara da littafin nan fiye da abin da majinyacin yake tunawa.

Asalin lamarin: 2018 zuwa 2022

Sana'arsa ita ce sayen albasa a ƙauyukan Goronyo da Wurno da kasuwar Ramin Kura, ya adana wata a rudu, ya yi lodin wata zuwa kasuwar Mile 12 a Legas. Tafiyar kwana biyu ce ko uku a bayan tirela, kuma mai kaya ba ya son runtsawa. A wannan hanya ya koyi tiramadol a 2018, mai lamba 225, wadda ta ninka ƙarfin da ake bayarwa a asibiti. Bai taɓa ɗaukar ta shaye-shaye ba. Maganin gajiya yake ce mata.

A ƙarshen 2020 albasa ta yi tsadar da aka daɗe ba a gani ba, har ta zama abin barkwanci a Facebook. Wanda ya adana ya dara, shi kuwa ya adana. Cikin wata biyu ya riƙe kuɗin da bai taɓa riƙewa ba, sababbin abokai kuma suka fito. A wani masauki a Legas, farkon 2021, aka fara miƙa masa hodar iblis.

Hodar daga ganyen koka ake yin ta, a Kolombiya da Peru da Bolibiya, kuma Afirka ta Yamma zango ce a hanyarta ta zuwa Turai. A Janairun 2022 'yan sandan Nijar sun kama sama da kilo 200 a motar wani magajin gari a jihar Agadez. A Satumbar wannan shekarar hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Nijeriya, NDLEA, ta kama tan 1.8 a wani gidan ajiya a Ikorodu. Kayan da ke ratsa gida, dole wani abu ya zube a tsakar gida. Duk da haka masu shan ta kaɗan ne idan aka kwatanta: binciken ƙasa na 2018 da aka yi tare da ofishin UNODC na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya, miliyan 10.6 na shan wiwi, miliyan 4.6 na shan dangin tiramadol, masu hodar iblis kuwa kimanin 92,000. Wannan ƙarancin ya yi tasiri a kan labarinmu, domin duk abin da iyalansa suka sani game da shaye-shaye, na ƙwaya ne da kodin: mutum yana layi, yana magana a hankali, ido a lumshe. Nasu kuwa ido a buɗe, baki ba ya shiru, ga kyauta kamar ɗan siyasa. Shekara guda ba wanda ya zargi komai.

A ƙwaƙwalwa akwai sinadarin dopamin, wanda ke sa mutum ya ji daɗin abu ya kuma so ya sake. A ƙa'ida, da zarar ya isar da saƙonsa sai a mayar da shi ma'ajiyarsa. Hodar iblis tana toshe ƙofar mayarwar, sai ya taru ya yi ambaliya. Daɗin ba ya jimawa: minti 15 zuwa 30 ga mai shaƙa, minti 5 zuwa 10 ga mai zuƙar hayaƙin dunƙulallen nau'inta. A tsakiyar 2022 ya koma zuƙar hayaƙi, daga nan tsarin shansa ya sauya. Sai ya yi kwana biyu ko uku a jere ba barci, har kuɗi ko kaya su ƙare. Don ya samu ya kwanta sai ya haɗa da rochi, wato Rohypnol, in babu ita ya sha dayazefam. Kafin ƙarshen 2022 ba ya iya barci sai da ɗaya daga cikinsu, ko ya sha hoda ko bai sha ba. Tiramadol kuwa ya kusa barin ta, don ta daina yi masa komai.

Nauyinsa ya sauko daga kilo 71 zuwa 58. Ya jinginar da babur ɗinsa. Bashin manoma da abokan ciniki ya kai naira miliyan 3.2. Ya fara leƙa taga da tsakar dare yana cewa ana bin sa, yana kuma sosa hannuwa wai wani abu na tafiya a ƙarƙashin fata.

Yunƙuri na farko: azumin 2023

An ɗauki azumi ranar 23 ga Maris. Ƙarancin takardun naira na lokacin ya riga ya rage masa sha, sai ya ƙudura a ransa zai bari gaba ɗaya albarkacin watan. Bai gaya wa kowa ba sai matarsa. Rochi kuwa ya ci gaba da sha da dare, don a ganinsa ba ita ce matsalar ba.

Littafin matar ya nuna kwana uku na farko ya yi barcin awa 15 zuwa 17 kowace rana. Sai a tashe shi salla ya koma. Da buɗa-baki yana cin abincin mutum biyu. Gida aka yi murna, aka ce jiki ne ke ramuwa. Masana suna kiran wannan mataki faɗuwa. Likitoci biyu a Amurka, Gawin da Kleber, sun bayyana shi a 1986 daga lura da masu shan hodar: faɗuwa ta awanni zuwa kwana huɗu, sai matakin janyewa na mako ɗaya zuwa goma, sai dogon lokacin da ƙwaɗayin ke tasowa jefi-jefi idan mutum ya ci karo da abin da ke tuna masa. Ba kowa ne ke bin matakan dalla-dalla ba, amma shi ya bi su kamar an zana masa.

Daga kwana na 6 barci ya gudu. Yana kwanciya bayan asham, ya farka ƙarfe ɗaya cikin gumi, ya ce ya yi mafarki yana sha har yana jin ɗanɗanon a maƙogwaro. Da rana, ga zafin Afrilu na Sakkwato da ke haura digiri 40, sai ya zauna a zaure ya zura wa bango ido. Ƙaramar 'yarsa ta hau cinyarsa, ya sauke ta. A kwana na 13 matar ta rubuta maganarsa kamar yadda ya faɗe ta: "Ban jin daɗin komi. Ko ruwan sanyi in na sha, awa ban sha ba."

A kwana na 24 wani abokin ciniki ya turo masa naira 640,000 daga Legas. Alat ya shigo ana shirin fita tahajjud. Ya ce tafin hannunsa ya jiƙe nan take, cikinsa ya murɗa kamar mai gudawa, kafin ma ya yi tunanin komai. Ya fita da darduma a kafaɗa. Bai dawo ba sai bayan kwana biyu.

Yunƙuri na biyu: kulle da ƙarin ruwa, Yuli 2023

Asiri ya tonu a babbar salla, ƙarshen Yuni, da kuɗin ragon layyar mahaifiyarsa suka salwanta a hannunsa. Aka yi zaman iyali. Wani kawu ya kawo shawarar gidan mari. Yayansa ya ƙi, yana tuna abin da aka gani a 2019 lokacin da 'yan sanda suka buɗe irin waɗannan gidaje a Rigasa ta Kaduna da Daura, aka fito da mutane da sasari a ƙafa. Wani ƙane ya ce a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa. Nan Inna ta sa kuka: "Wanga yaro ba mahaukaci na ba. Ba a ce an kai ɗana Kware ina da rai." Duk ɗan Sakkwato ya san nauyin wannan kalma a bakin jama'a, ko da yake asibitin tarayya da ke Kware masu shaye-shaye da masu damuwa da masu farfaɗiya duk yana dubawa.

Aka tsaya a tsakiya. Aka kulle shi a wani ɗaki a gidan yayansa, aka karɓe waya da katin banki da duk wata ƙwaya da ke aljihunsa. Wani malami yana zuwa safe da yamma da rubutu da ruƙiyya. Aka kuma kira wani mai kemis ya ɗaura masa ruwa leda shida cikin kwana uku, da allurar bitamin mai sa fitsari ya yi rawaya. Ya ce wankin jini ne, kuma launin fitsarin shi ne dattin ke fita. An biya shi naira 85,000.

Kwana biyu na farko barci ne da ci, kamar wancan karon. A kwana na 3 hannunsa ya fara rawa, ba ya son haske, ƙarar rufe ƙofa tana firgita shi. A kwana na 5, bayan la'asar, ya faɗi yana jijjiga, ya ciji harshensa. Mata suka ce aljanun ne ke fita. Yayan ya ɗauke shi a mota zuwa wani ƙaramin asibitin kuɗi, aka yi masa allura, jijjigar ta lafa, aka ba shi wasu ƙwayoyi na 'yan kwanaki. Ba wanda ya gaya wa ma'aikatan abin da yake sha, don kunya.

Ya cika kwana 21 a ɗakin. Ya yi ƙiba, fata ta yi kyau, yana salla a kan lokaci. Aka yi sadakar waina, Inna ta sa masa albarka, aka mayar masa da wayarsa da katinsa. A wayar akwai saƙonni 11 daga lamba ɗaya, duk gaisuwa ce kawai. Bayan kwana huɗu ya koma, kuma wannan karon ya fi na da yawa.

Ciwon ƙirji: Oktoba 2023

A mako na biyu na Oktoba, bayan kwana uku ba barci, ya dafe ƙirji a ƙofar gida yana cewa an ɗora masa dutse. A sashen gaggawa na wani asibitin gwamnati aka auna jininsa 170 bisa 100, zuciyarsa na bugawa sau 128 a minti. Hodar iblis tana matse jijiyoyin da ke ciyar da zuciya a daidai lokacin da take sa zuciyar gudu, shi ya sa take jawo bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ko ga matashi. Gwajin zuciya da na jini sun nuna bai kai ga haka ba.

Likitar da ke aiki a daren ta ce kowa ya fita. Ta ja kujera ta zauna. "Alhaji, ba 'yar sanda nake ba. Akwai maganin da in na ba ka alhali ka sha wani abu, zai iya cutar da kai. Me ka sha, kuma yaushe?" Ya faɗa mata hodar. Ta ce, "Da me kake barci?" Shi ne karon farko da wani ya yi masa wannan tambaya. Ya ce rochi, kullum, fiye da shekara. Ta tambayi labarin jijjigar da ya yi a Yuli, ta rubuta, ta tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa. Yayan ne ya je ya shawo kan Inna. Abin da ya ce mata kawai shi ne ciwon zuciya ya kusa kashe shi, kuma likitocin can ne suka san maganin abin da ke jawo shi.

Kwana 28 a asibiti

Abin da likitan ya fara gaya wa yayan bai yi masa daɗi ba: babu wata allura ko ƙwaya da aka tabbatar tana maganin jarabar hodar iblis, a nan ko a Turai. Babu kuma abin da za a wanke. Hanta da jini da kansu suke narkar da ita, rabinta yana ƙarewa cikin kimanin awa ɗaya. Abin da gwajin fitsari ke kamawa ragowarta ne, wanda kan ɗauki kwana 2 zuwa 4, ko fiye da mako ga wanda ya daɗe yana sha da yawa. Nasa ya fita tsaf a kwana na 9, ba tare da ledar ruwa ko ɗaya ba.

"To, likita, mi za ku yi mai?" in ji yayan.

Abu uku aka sa a gaba. Na farko rochi. Barin hodar iblis kwatsam ba ya kawo jijjiga a ƙa'ida, amma barin rochi da danginta kwatsam bayan jiki ya saba yana kawowa, har yana iya kisa. Abin da ya faru a Yuli ke nan. Aka mayar da shi kan dayazefam a ma'aunin da likita ya tsara, ana ragewa kaɗan-kaɗan. Ragewar ta ɗauki mako takwas, wato ta zarce zamansa a asibiti. Na biyu, zargin ana bin sa da jin tafiyar ƙwari a fata: aka ba shi maganin kwantar da wannan na 'yan kwanaki, kafin mako guda ya gushe, aka tsayar.

Na uku shi ne wanda iyali ba su taɓa kawowa a rai ba. A daren kwana na 4, wata ma'aikaciyar jinya ta same shi zaune a bakin gado. Ta ce, "Alhaji, ba ka kwanta ba?" Ya ce, "Da ma in mutu kowa shi huta." A gida da an ce ya yi istigfari, a wuce wurin. Ita kuwa ta zauna ta tambaye shi kai tsaye ko ya yi tunanin yadda zai yi, ya ce ya yi. Aka matso da gadonsa kusa da teburin ma'aikata, aka kwashe duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, ana leƙa shi dare da rana har kwana shida. Baƙin cikin da ke biyo bayan barin hodar yana iya yin zurfi ƙwarai a kwanakin farko, musamman ga wanda ya farka ya tarar da bashi da kunya suna jiran sa. A nan hatsarin janyewar yake.

Likitan bai yi gaggawar ba shi maganin ciwon damuwa ba. Ya ce a jira a gani ko na hodar ne zai wuce da kansa, ko kuwa akwai wani ciwon a ƙarƙashi. Zuwa mako na uku tunanin mutuwa ya tafi, rashin jin daɗin komai ya rage amma bai tafi ba. Ba a rubuta maganin ba. An gwada shi cutar HIV da ciwon hanta, babu. Barcinsa ya tsaya a awa biyar zuwa shida, da mafarkin sha kusan sau biyu a mako. Nauyi ya kai kilo 64.

Daga mako na biyu ya fara zama da masanin halayyar ɗan Adam. Aikin farko da aka ba shi shi ne ya rubuta duk abin da ke tayar masa da ƙwaɗayi. Ya rubuta da ajami: ƙarar alat, kuɗi masu yawa a aljihu, daren Alhamis, ƙyasta ashana ko leta, wata kwana a kan hanyar filin jirgi, faɗa da matarsa, da Legas gaba ɗayanta. Aka nuna masa cewa ƙwaɗayin yana tasowa ya kai ƙololuwa ya sauka, galibi cikin ƙasa da rabin awa, idan ba a biya masa ba. Bai yarda ba sai da aka sa shi ya duba agogo.

Mako 12 bayan sallama: Nuwamba 2023 zuwa Janairu 2024

Kafin a sallame shi aka zauna da yayan da matar. Wannan karon ba a yi sadakar waina ba. Aka karya tsohon layin wayarsa a gabansa. Aka rufe saƙon alat. Jarin da ya rage ya koma hannun yayan, shi kuma ana ba shi naira 1,500 kullum. Zuwa Legas ya koma kan ƙanensa. Shi aikinsa zaɓen albasa da awo a Ramin Kura daga safe zuwa azahar, kusa da rumfar yayan. Malamin da ya yi masa ruƙiyya bai fita daga tsarin ba: ya koma ɗaukar karatu a wurinsa tsakanin magariba da isha, lokacin da a da yake fara buga waya.

Sai gwajin fitsari, Litinin da Alhamis. An zaɓi sau biyu a mako ne don kada a bar tazarar da zai sha ya kuma wanke kafin gwaji. A kan gwajin aka ɗora lada. Wannan dabara Stephen Higgins da abokan aikinsa a Jami'ar Vermont suka gwada ta a kan masu shan hodar iblis a farkon shekarun 1990, kuma har yau tana cikin hanyoyin da suka fi samun shaidar nasara. Asibitin ba shi da kuɗin yin ta, sai yayan ya ɗauki nauyi. Gwajin farko mai tsabta naira 2,000, kowane na gaba a ƙara 500. In aka samu hoda, ko bai zo ba, a koma 2,000. Ba a ba shi kuɗin a hannu. Ana rubutawa a bayan littafin matar, ana tarawa don fanso babur.

Kawun nan ya ce wannan raini ne: mutumin da ya juya miliyoyi a ce ana lallashin sa da dubu biyu kamar yaron da ya haddace izu. Shi kansa majinyacin ya yi dariyar abin da farko. Amma a mako na huɗu matar ta lura yana buɗe bayan littafin yana lissafi da kansa.

Gwaji 13 na farko duk tsabta, lada ta taru naira 65,000. A mako na bakwai, wajen ƙarshen Disamba, albasa na tsada, wani tsohon abokin ciniki ya biya shi bashin naira 210,000 ta wani asusun waya da bai gaya wa kowa yana da shi ba. Ya riƙe sirrin kwana biyu. Ranar Alhamis bai je gwaji ba, ya ce zazzaɓi. Ranar Litinin gwaji ya nuna.

Yayan ya ce a mota, a hanyar komawa, ya ji kamar ya tsaya ya sauke shi. Abin da ya hana shi shi ne an riga an gaya masa tun ranar sallama cewa wannan na iya faruwa, an kuma rubuta abin da za a yi. Ba kulle, ba zaman iyali, ba a gaya wa Inna ba. Aka rufe asusun. Lada ta koma 2,000. Aka ƙara zama da masanin halayya zuwa sau biyu a wannan makon, aka bi abin daki-daki, aka gano cewa zamewar ta fara ne tun ranar da ya ɓoye shigowar kuɗin, ba daren da ya sha ba. Sauran gwaji tara duk tsabta. Jimilla 22 cikin 24, lada naira 101,000. Yayan ya cika, aka fanso babur a Fabrairu.

Daga Fabrairu zuwa Disamba 2024

Gwaji ya koma sau ɗaya a mako, daga baya sau ɗaya a wata ba tare da sanarwa ba. Dayazefam an gama rage ta tun Disambar 2023, barci ya daidaita a awa shida zuwa bakwai wajen Maris. Jin daɗin abubuwa shi ne ya fi jinkirin dawowa. Matar ta rubuta ranar da ta ce ta gane mijinta: wata safiya a Afrilu, ƙanensa ya dawo yana ba da labarin yadda ya tsaya a kan wani dillali a Ramin Kura kusan rabin awa a kan ɗari biyar a buhu, yana rantsuwa yana dariya, ya tafi ya dawo, har ya yi nasara. Wata biyar ke nan da sallama.

Ya sake zamewa sau ɗaya, dare guda, a makon babbar salla na Yuni 2024, bayan ya haɗu da wani tsohon aboki a wurin ɗaurin aure. Da asuba shi da kansa ya buga wa yayan: "Yaya, na yi ɓarna. Zo ka kai ni." Aka koma gwaji sau biyu a mako na wata guda. Daga nan zuwa Disamba ba a sake samun komai ba. Nauyinsa kilo 69. Ya biya naira miliyan 1.9 daga cikin bashin.

Auna abin da aka yi

Yunƙurin azumi bai gaza don rashin niyya ba. Kwana 23 mutum shi kaɗai, cikin wannan hali, ba ƙaramin abu ba ne. Ya gaza ne don an bar hanyar kuɗi a buɗe, kuma shi da matarsa sun ɗauki barcin kwana ukun farko a matsayin sauƙi, ba su san mai wuyar yana gaba ba.

Kullen Yuli ya fi kowanne hatsari. Ledojin ruwan nan shida sun wanke abin da jiki ya riga ya wanke, rawayar fitsarin kuwa launin bitamin ne. Abin da ya kusa kashe shi shi ne ƙwayar da ba wanda ya ɗauka da muhimmanci, da kuma ɓoye gaskiya ga ma'aikatan da suka karɓe shi yana jijjiga. Kwana 21 a ɗaki sun hana shi sha, amma ba su koya masa yadda zai yi da ƙarar alat ba, kuma aka sake shi a tsakiyar makonnin da ƙwaɗayi ke da ƙarfi, da wayarsa a hannu. Ban ga laifin rubutu da ruƙiyya a nan ba. Malamin nan ya fi amfani da ya zama mai riƙe masa lokacin magariba fiye da lokacin da aka ɗora masa aikin likita.

Zaman asibiti ma, a ganina, ba shi ne ya raba shi da hodar ba. Ya tsare ransa a wurare biyu, rochi da daren kwana na 4, ya kuma samar da sararin tsara abin da ya biyo baya. Da an sallame shi a kwana na 28 an miƙa masa kati da waya, da wuya sakamakon ya bambanta da na Yuli. Abin da ya bambanta shi ne mako 12 ɗin nan. Ƙwaƙwalwar da ta saba da ladan nan take ba ta jin wa'azin abin da zai faru bayan shekara, amma tana jin dubu biyu da ɗari biyar ta ranar Alhamis. Gwajin kuma ya ɗauke wa matar aikin shinshina da bincikar aljihu, wanda a da shi ke haddasa faɗan da ke cikin jerin abubuwan da ya rubuta da ajami. Shirin da aka yi wa zamewa tun kafin ta zo shi ya sa ta Disamba ta tsaya a 'yan kwanaki, ta Yuni ta tsaya a dare ɗaya.

Dole a faɗi cewa yana da abin da da yawa ba su da shi: yaya mai hali da haƙuri, mata mai rubutu, da sana'ar da za a iya raba ta da riƙon kuɗi. Lamari ɗaya ne, kuma wata shida ba tare da sha ba bai kai a ce an gama ba. Har zuwa Disambar 2024 katin bankinsa yana hannun yayan. An yi maganar mayar masa a watan Nuwamba, shi ya ce a bari sai bayan kakar albasa. Legas kuwa bai sake takawa ba tun Satumbar 2023, kuma abokan cinikinsa na Mile 12 har zuwa lokacin suna tambayar ƙanen ko Alhaji lafiya.